Kwalbar da Aka Kai wa Likita

Ina cikin aji a Wurno, alli a hannuna, wani ɗan kabu-kabu na ƙauyenmu ya tsaya a bakin taga ya yafito ni. Ko babur ɗin bai kashe ba. Ya ce, "Malam, hito mu tahi. Yayanka ya hwaɗi cikin albasa, an kai shi asibiti Goronyo." Na tambaye shi ko maciji ne. Ya ce shi dai abin da ya ji, feshi yake yi.

Yaya ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Bai yi boko ba, amma shi ya nace sai na yi, har na zama malamin firamare. Yana zaune a gidanmu na gado, a wani ƙauye cikin yankin Boyekai, tare da Inna mahaifiyarmu da matarsa da 'ya'yansa. Da damina gero da wake, da rani albasa a fadama. Kakkauran mutum ne mai jiki, in ya yi dariya a zaure har cikin gida ake ji. A makon da abin ya faru matarsa ta haihu, ranar Juma'a, ana shirin suna Juma'a mai zuwa. Wannan rana kuwa Talata ce.

Kafin in hau babur na kira mutum ɗaya a waya, aminina. Ɗan Rabah ne, mun haɗu a makarantar kwana, gadonsa kusa da nawa shekara shida. Shi ne babban abokin ango ranar aurena. Inna ba ta kiransa da komai sai ɗana na Rabah, yana shiga gidanmu har tsakar gida da sallama kawai. Da muka gama makaranta ni na kama koyarwa, shi ya buɗe shagon iri da maganin ƙwari a kasuwar Goronyo. Ni na haɗa shi da Yaya. Na ce wa Yaya ya daina sayen magani wurin masu baza shi a tabarma, ya je wurin wanda muka san gidansu. Da ya ɗauki waya ya ce ai ya riga ya ji, yana asibitin ma. Na ji sanyi a raina, na ce ko ban isa da wuri ba akwai nawa a wurin.

Abin da na tarar ban taɓa ganin irinsa ba. An tuɓe wa Yaya riga, an wanke masa jiki da sabulu, amma wari na tashi daga fatarsa, kamar an haɗa tafarnuwa da kananzir. Zufa na kwarara kamar an watsa masa ruwa. Yawu na zuba ta gefen bakinsa, ƙirjinsa na kurarin majina duk numfashin da ya ja. Naman fuskarsa da na damtsensa yana rawa shi kaɗai. Da likita ya ɗaga fatar idonsa, na ga baƙin idon ya tsuke ya koma kamar kan allura. Inna na zaune a ƙasa a bakin ƙofa, carbi a hannunta, ba ta ko ja.

Mutum biyu ke kansa. Likitan matashi ne, bai fi sa'ana ba. Sai wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya da kowa ke ce wa Sista, ta daɗe a asibitin. Tana fasa 'yan ƙananan kwalabe tana zuƙa a sirinji tana tura masa ta jijiyar hannu, likita ya kara abin sauraro a ƙirjinsa, ya girgiza kai, ta sake fasa wasu. Na tsaya ina kallon fasassun kwalabe na taruwa a faranti har tsoro ya kama ni. Na ce, "Sista, allurar ba ta yi yawa ba?"

Ba ta ko kalle ni ba. Ta ce, "Ga mai lahiya ta yi yawa tun ɗazu. Ga wanga ba ta kai ba. Da anka kawo shi ga cinya munka hwara yi mai, ba ta hau ba, don jininshi ba shi gudu yadda ya kamata, sai ta zauna wuri guda. Shi ya sa munka koma ga jijiya. Matsa can, kana tare min haske."

Sai wajen awa guda kurarin ƙirjin ya fara raguwa, zufar ta tsaya. Likita ya fito da ni da aminina waje ya yi mana bayani a tsaye. Ya ce irin wannan guba jijiyoyin jiki take kamawa, ta hana su hutawa, shi ya sa komai na jiki ke zuba ba tsayawa, har huhu ya cika da ruwa. Allurar da suke yi makarinta ce, amma makarin ba ya kashe gubar, tare ta kawai yake yi. Kuma shi makarin ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan awoyi jiki ya tace shi ya fitar. Ya ce, "Matsalar ita ce magungunan nan iri-iri ne. Wani kwana ɗaya ko biyu ya bar jiki. Wani kuma sai ya shige cikin kitse ya ɓuya, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan har kwanaki. In makari ya ragu a jini alhali gubar na fitowa, abin ya dawo ke nan. Ga shi mutumin naku mai jiki ne. Ina so in ga kwalbar da ya yi feshi da ita."

Na juya zan nemi ɗan kabu-kabun da ya kawo ni, aminina ya riƙe min hannu. Ya ce, "Zamna kusa ga Inna, Malam. Ni nas saida mai, na san ta. Yanzu in ɗauko." Ya hau babur ɗinsa ya nufi ƙauyenmu.

Bayan azahar ya dawo, ƙura har gira. Ya ciro wata farar kwalba daga leda, da takardarta a jiki, magani ya kai rabi a ciki. Likita ya juya ta, ya karanta ƙananan rubutun, na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Wannan yana cikin masu barin jiki da wuri." Na rungumi aminina a gaban mutane. Inna ta yi ta sa masa albarka har ya sunkuyar da kai.

Ranar Laraba Yaya ya wuni yana sambatu, bakinsa a bushe, yana kama wasu abubuwa a iska yana cewa a kori awaki daga albasa. Sista ta ce kada mu damu, aikin makarin ne, in ya yi yawa a jini haka yake sa mutum. Suka fara rage shi. Da la'asar ya gane mu. Safiyar Alhamis ya tashi zaune, ya sha kunu kofi biyu, ya tambayi jaririya, ya tambayi ko an sayo rago. Da ya ji gobe suna, ya ce shi fa a yau zai kwana gida.

Sista ce ta ƙi. Ta zo ta tsaya a kanmu, hannu a ƙugu, ta ce, "Ni ban yarda ba. Wanga magani da ke ga kwalba na sha ganin waɗanda ya kama, ba su cin allura haka. Ko warin ba shi na ba." Ta juya ga aminina. "Kai mai shago, ka tabbata wagga ta?"

Ya ce, "Wallahi ita ta."

"Ka diba dai."

Ransa ya ɓaci, ko ya nuna ya ɓaci. Ya ce shekararsa nawa yana wannan sana'a, kuma Yaya yayansa ne, zai yi wasa da ransa ne? Daga nan ya ja ni waje ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Ya ce, "Malam, likita da kainai ya karanta. Ita wagga tsohuwa son iko ta cika. Gobe suna, mutane za su taho daga Wurno da Rabah, uban ɗiya na kwance asibiti? Ka san Yaya, in anka hana shi, baƙin ciki ya fi maganin yi mai illa."

Na koma wurin likita. Ya ce shi da son samu ne a ƙara kwana ɗaya ko biyu a gani, amma idan abin da ke jikin kwalbar nan ne, haɗarin ya wuce. Ya lissafa min abubuwan da in na gani in dawo da shi ba ɓata lokaci: yawu, zufa, nauyin numfashi, ko wuya ya kasa ɗaukar kai. Ya miƙo min takarda na sa hannu. Ina sa hannun Sista na tsaye tana kallona. Ta cire wa Yaya allurar hannu ta manna auduga.

Na sha komawa wannan wuri a zuciyata. Mace ta gaya min abin da idonta da hancinta suka gaya mata, wanda na yarda da shi ya rantse da Allah. Na zaɓi rantsuwar. Ko yau aka mayar da ni can ba tare da abin da na sani yanzu ba, ita zan sake zaɓa, kuma wannan ne ya fi ci min rai.

Sunan ya yi jama'a. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yarinya suna, aka raba goro da dabino, aka yanka rago. Yaya na zaune a tabarma a ƙofar gida, ya jingina da bango, sanye da farar riga, mutane na yi masa barka biyu, ta haihuwa da ta tashi. Aminina na gefensa yana zuba wa baƙi fura. Da hantsi ya ɗaga na lura Yaya ya daina amsa gaisuwa da ƙarfi. Na ga gaban rigarsa ya jiƙe. Na durƙusa kusa da shi, ya ɗago ido da ƙyar ya ce, "Malam, wuyana ba shi ɗaukar kaina." Yawu ya biyo maganar.

Motar ɗaukar albasa ce kaɗai a ƙauyen a lokacin. Mu huɗu muka ɗaga shi, ni a kai, aminina a ƙafafu. Muka shimfiɗa shi a kan buhunan da babu komai a ciki. Duk tsawon hanyar nan kansa na kan cinyata, ina share masa baki da hular da na cire, ina jin kurarin nan yana dawowa, yana ƙaruwa da kowane rami da motar ta faɗa. Aminina na zaune a ƙarshen motar, ya riƙe ƙafafun, yana kallon hanyar da muka baro.

Da Sista ta hango mu ba ta tsaya tambaya ba, ta ruga ta ɗauko faranti. Likita ya zo da gudu. Bayan sun yi abin da za su iya, ya fito ransa a ɓace. Ya ce abin da ke cikin kwalbar nan ba ya yin haka bayan kwana uku. Ya dubi aminina ya ce, "Akwai wani abu da ya haɗa da shi? Ka gaya min, yanzu nake buƙatar sani."

Aminina ya ce, "Tau, likita, ka san manoma. Ni dai wagga nib ba shi. Ko ya samo wani wajen masu tabarma ya gauraya, Allah masani."

Na yarda da wannan ma. Har na ji haushin Yaya yana kwance yana neman numfashi. Na ce a raina sau nawa zan gaya masa.

Numfashinsa ya ci gaba da raguwa, likita ya ce a nan ba su da injin da zai taimaka masa, sai Sakkwato. Sista ta shiga motar asibiti tare da mu, sirinji a hannunta, tana ƙara masa makari a hanya duk lokacin da ƙirjin ya fara cika. A Sakkwato ya yi kwanaki inji na yi masa numfashi. Likitocin can suka ce gubar ta ci gaba da fitowa daga kitsensa bayan makarin ya ƙare a jininsa, kuma da an ci gaba da ba shi a hankali ana sa masa ido, da wuya ya kai haka. Kusan mako biyu muka yi. Aminina ya zo sau uku, kowane zuwa da lemo da ayaba.

Yaya ya rayu. Amma bayan mun dawo gida da 'yan makonni ƙafafunsa suka fara nauyi, yatsun hannunsa suka daina riƙe abu da ƙarfi. Mutumin da ke ɗaga buhun albasa shi kaɗai ya koma sai da sanda yake zuwa masallaci.

Wata Asabar na je ƙauye, na ce bari in kawar da kayan da muka dawo da su daga asibiti. A cikin jaka na ci karo da farar kwalbar nan, likitan Goronyo ya mayar min da ita tun ranar. Na ɗauki fartanya zan je bayan gida in binne ta. Matar Yaya na zaune a ƙofar ɗakinta tana shayar da jaririya, ba ta daɗe da gama wankan jego ba. Duk abin da aka yi a asibiti ba ta je ba, labari kawai take ji. Ta ce, "Malam, wagga kwalba ta mi ta?"

Na ce, "Ita ta kusa kashe miki miji."

Ta miƙo hannu na ba ta. Ta juya ta, ta mayar min. "A'a. Ba ita ba ta."

"Kamar yaya ba ita ba?"

"Nashi cikin galan yake. Galan rawaya, irin na man gyaɗa, babu rubutu ko ɗaya gare shi. Abokinka da kainai ya kawo shi ran Lahadi, ina jin su daga ɗaki. Ya ce ƙwarin bana sun saba da na kwalba, wanga sabo na, mai ƙarhi. Ran da Yayanka ya hwaɗi, waɗanda sunka ɗauko shi sun aje galan da injin heshi bayan rumbu. Da rana abokinka ya shigo ya ce likita na son shi, ni nin nuna mai inda yake." Ta tsaya tana kallona. "Ba shi ya kai ba?"

Na ajiye fartanyar. Na fita zaure inda Yaya ke kwance, na nuna masa kwalbar, na tambaye shi ko ya santa. Ya ce bai taɓa ganinta ba. Na ce ko ya haɗa maganin da wani abu. Ya ce da mi zai haɗa, ruwan rijiya kawai, yadda aka gaya masa. Ashe duk tsawon lokacin nan babu wanda ya tambaye shi. Lokacin da ake neman amsa ba ya cikin hayyacinsa, da ya farfaɗo kuma kowa ya ɗauka an gama maganar.

Na zauna a dakalin zaure, kwalbar a hannuna. Abin da ya yi ta dawo min shi ne ƙurar da ke fuskarsa ranar, da yadda na rungume shi. Wato daga gidanmu shagonsa ya wuce, ya ɓoye galan, ya zaɓi kwalba, ya zubar da rabi don ta yi kama da wadda aka yi aiki da ita. Ya sami lokacin yin tunanin wannan duka.

Ranar kasuwa na je Goronyo. Na same shi yana auna wa wani dattijo irin albasa. Yana ganina ya washe baki, "A'a, Malam! Ya jikin Yaya?" Na ajiye kwalbar a kan teburinsa. Ya dube ta, ya dube ni, ya sallami dattijon, ya ce mu shiga ciki.

Na ce, "Ina galan?"

Bai yi musu ba. Da ya yi musu wataƙila da na sami abin riƙewa. Ya zauna a kan buhu ya ce wasu mutane ne ke shigo da shi a duro ta kan iyaka, shi ya saya yana ɗurawa a galan. Ko sunansa bai sani ba. Ya san dai yana kashe ƙwari fiye da komai, manoma na yabawa. Ya ce da likita ya nemi kwalba, sai ya ga in ya kai abin da babu takarda za a kira hukuma, a rufe shago, wataƙila a tafi da shi. "Na ji tsoro, Malam. Na ɗauka allurar da sunka yi mai ta isa. Ka gani da idonka, ya tashi ya sha kunu."

Na ce, "Kana tsaye likita ya ce wani na ɓoyewa cikin kitse."

"Na ji."

"Sista ta tambaye ka. Ka ce wallahi."

Ya kawar da kai, na ci gaba.

"Kai ka ja ni gindin icce ka ce in kai shi gida."

"Na ga in ya daɗe za su yi ta bincike."

"Ran suna kana riƙe da ƙahwahunai cikin mota. Ka ji numfashinshi. Likita ya sake tambayarka, ka ɗora mai laihi."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Na jira. Ina tsammanin zai yi kuka, ko ya ce in yafe masa, kuma ban san abin da zan yi ba in ya faɗa. Da ya ɗago sai ya ce, "Ai Allah ya tashe shi, Malam. Don zumuncin da ke tsakaninmu, a bar maganar ta tsaya nan."

A lokacin ne idona ya sauka bayan wani labulen buhu da ya rataya a kusurwa. Galan rawaya ne jere a ƙasa, a cike, an ɗaure bakinsu da leda. Bayan duk abin da ya gani da idonsa, bai daina sayarwa ba.

Daga shagon asibiti na wuce. Na sami Sista tana wanke hannu, na gaya mata komai, na ba ta haƙuri. Ta ce, "Haƙurin mi? Kai ma yi maka anka yi." Sai ta ce in zo mu gaya wa likita, don tun bayan Yaya an kawo musu mutum biyu daga wasu ƙauyuka da irin warin nan, su kuma ba su san daga ina yake fitowa ba. Na rubuta abin da na sani na sa hannu. Bayan kwana biyu malamin gona ya zo da wasu jami'ai suka kwashe galan ɗin, aka rufe shagon.

Na ɗauka daga nan mutane za su ga abin yadda na gan shi. Ba haka aka yi ba. A kasuwa wasu suka daina amsa min sallama. Aka riƙa cewa malamin boko ya tona asirin amininsa, mutumin da ya yi ta zirga-zirga a kan ɗan'uwansa. Wani abokinmu na makaranta ya tare ni a tashar Wurno ya ce ko mi ya yi ai bai kamata in kai shi ga hukuma ba, da na kira manya. Na ce masa manya ba su san kalar galan ɗin ba, manoma ne suka sani. Bai gane abin da nake nufi ba, ni ma ban tsaya ƙarin bayani ba.

Manyan sun zo daga baya. Baffansa da wasu dattawa biyu daga Rabah, suka zauna a zaurenmu, shi yana bayansu kansa a ƙasa. Suka ce kuskure ne da tsoro, shaiɗan ne, a dubi shekarun da aka yi tare. Inna ta yi magana daga bayan ƙofa, ta ce ita ta ɗauke shi ɗa, kuma ta bar shi da Allah, ta yafe. Yaya ya gyara ƙafarsa da hannu, don ba ta gyaruwa da kanta, ya ce abin da ya same shi rubutacce ne, shi ma ya yafe. Sai kowa ya juyo gare ni.

Na ce, "Baffa, ku gafarce ni. Maganin da ya sayar, na yarda bai san ƙarhinshi ba, wannan na bar shi. Amma sau ukku anka tambaye shi gabana. Ba ni iya cewa na yahe abin da zuciyata ba ta sake ba."

Baffan ya ce lokaci zai yi. Suka yi addu'a suka tashi. Bayan sun tafi Yaya ya yi min faɗa, ya ce shi da abin ya sama ya haƙura, ni mi nawa? Na kasa gaya masa cewa shi guba ta kama, ni kuwa da hannuna aka yi amfani. Ni na tura shi shagon, ni na sa hannu a takarda.

Bayan wasu watanni shagon ya sake buɗewa, iri da taki kawai yake sayarwa yanzu, haka na ji. Yaya bai koma fadama ba. Ya ba da gonar aro ga wani ɗan'uwanmu, shi kuma yana zama a rumfar albasa yana tsince ruɓaɓɓu da yatsun da suka rage masa ƙarfi. Dariyarsa na nan, sai dai takan yanke da tari.

Bara, wata Juma'a, na je Goronyo wani aikin makaranta, na makara zuwa masallaci. Na shimfiɗa darduma a sahun waje, cikin rana, aka tada salla. Wani ya matso ya cike gurbin da ke damana, kafaɗarsa ta taɓa tawa. Ban duba ba, amma na san tsayin, na san yadda yake gyaran murya kafin kabbara. Raka'a biyun nan ban san abin da liman ya karanta ba. Da aka sallame ya miƙo min hannu, na ba shi nawa, don mutane na kallo. Ya yi furfura a gemu. Ya riƙe hannun bai saki ba, ya ce a hankali, "Malam, ya jikin Yaya?"

Na ce, "Shina nan yadda kab bar shi."

Na zare hannuna, na naɗe darduma, na tafi neman takalmana.